Ernst Happel: tambayoyi da amsoshi kan ɗan ƙwallon Ostiriya da ya zama gagarabadau a aikin koci

In ana musun manyan masu horar da 'yan ƙwallo, sunayen da ke fara fitowa su ne Ferguson da Guardiola da Ancelotti da Mourinho. Wanda ya ɗan san tarihi zai ƙara da Rinus Michels na Holan. Da wuya ka ji an kira sunan Ernst Happel, alhali wasu abubuwan da ake yi wa waɗannan kirari a kansu shi ya fara yin su, kuma da ƙungiyoyin da ba su kai nasu kuɗi ko suna ba. Ga amsoshin tambayoyin da mai son sanin mutumin zai yi.

Wane ne Ernst Happel?

Mutumin Ostiriya ne, ƙasar da ke tsakiyar Turai, maƙwabciyar Jamus da Italiya. An haife shi a Biyana, babban birnin ƙasar, ranar 29 ga Nuwamba 1925, ya mutu a Innsbruck ranar 14 ga Nuwamba 1992. Ya yi fiye da shekara 15 yana taka leda a matsayin ɗan baya, kusan duka a ƙungiyar Rapid ta Biyana. Da ya rataye takalmi sai ya yi shekara 30 yana aikin koci a Holan da Sifaniya da Beljiyam da Jamus da ƙasarsa. Shi ne koci na farko da ya ci Kofin Zakarun Turai da ƙungiyoyi biyu daban, Feyenoord a 1970 da Hamburg a 1983. Ya ci gasar lig a ƙasashe 4, ya kuma kai Holan wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 1978.

Wane irin ɗan wasa ne lokacin da yake bugawa?

Ba irin ɗan bayan nan ba ne na "in ƙwallo ta wuce mutum ba ya wucewa". Happel ya iya ƙwallo sosai. Yana ganin inda hari zai ɓullo tun kafin a kawo shi, yana da dogon bugu mai isa inda ya nufa, ga ƙarfin ƙafa a bugun tazara. Abin da ba ya so shi ne gudun banza, sai kansa ya riƙa yi masa aikin da ƙafafun wasu ke yi musu.

Tun yana yaro ya shiga Rapid, ya fara buga wa manya ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya ci gasar Ostiriya da ƙungiyar sau 6: a 1946, 1948, 1951, 1952, 1954 da 1957. Ya buga wa ƙasarsa wasa 51, ya ci ƙwallo 5.

Kada mai karatu ya auna Ostiriyar wancan zamani da ta yau. A lokacin tana cikin manyan ƙasashen ƙwallo a duniya, da 'yan wasa irin su Ernst Ocwirk da Gerhard Hanappi. A 1953 Rapid ta haɗu da Arsenal, wadda ke riƙe da kofin lig ɗin Ingila a shekarar, ta lallasa ta da ci 6 da 1 a wasan sada zumunci a birnin Bruges na Beljiyam.

Yana kuma da tsokana. Mutanen Biyana har yau suna ba da labarin wani wasan gwaji da ƙasarsa ta yi wa abokan karawa ruwan ƙwallaye, shi kuwa da ya ga babu aikin yi a baya, sai ya juya ya ɗirka wa amininsa mai tsaron gida Walter Zeman ƙwallo a ragarsu.

Me ya faru a Kofin Duniya na 1954 har ya bar ƙasarsa?

A Suwizalan aka yi gasar, kuma Ostiriya ta zo ta uku, matsayin da ba ta taɓa wucewa ba a tarihinta. Wasanta da masu masaukin baƙi a birnin Lausanne, a zagayen 'yan takwas, shi ne har gobe wasan da aka fi cin ƙwallaye a tarihin Kofin Duniya. Cikin tsananin zafin rana Suwizalan ta zura 3 kafin a cika minti 20, Ostiriya ta farke ta wuce, aka tashi 7 da 5. Zafin ya bugi mai tsaron gidan Ostiriya, Kurt Schmied, ga shi a lokacin ba a canjin ɗan wasa, haka ya ƙarasa wasan a galabaice.

Wasan kusa da na ƙarshe ne ya ɓata komai. Jamus ta Yamma ta doke su da ci 6 da 1 a Basel, Zeman ne a raga, Happel a gabansa. Ko da yake sun doke Yurugwai da ci 3 da 1 sun karɓi matsayi na uku, da suka koma gida sai aka fara raɗe-raɗin wai an sayi Happel da Zeman. Babu wanda ya taɓa kawo hujja. Maganar ta yi wa Happel ciwo ƙwarai, ya tattara ya tafi Faransa, ya buga wa Racing Club de Paris, sai a 1956 ya dawo Rapid. Masu bin tarihinsa da dama na ganin daga nan ya ɗaura gaba da 'yan jarida, kuma wanda ya san zafin a yi wa mutum ƙazafin cin amanar ƙasarsa ba zai ga laifinsa ba.

Ya sake zuwa Kofin Duniya a 1958 a Suwidin, amma rukunin ya yi musu tsauri: Burazil da Tarayyar Sobiyat da Ingila. A zagayen farko aka fitar da su.

Da gaske ne ya taɓa zura wa Real Madrid ƙwallo uku shi kaɗai?

Da gaske ne, kuma yana ɗan baya. Ranar 14 ga Nuwamba 1956 ne a Biyana, a Kofin Zakarun Turai. Real Madrid ta su Alfredo Di Stéfano ce ke riƙe da kofin, ta kuma ci wasan farko a gidanta 4 da 2. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Happel ya zura uku, biyu da bugun tazara, ɗaya da fenareti. Di Stéfano ya rama ɗaya bayan an dawo, aka tashi 3 da 1, jimilla 5 da 5.

Da a ce akwai dokar ƙwallon waje a lokacin, da Rapid ce ta wuce, domin ta ci biyu a Madrid, Real kuwa ɗaya ta ci a Biyana. Babu dokar, sai aka sa wasa na uku, shugabannin Rapid suka yarda a yi shi a Madrid saboda kuɗin da za su samu. Real ta ci 2 da nema, ta je ta ɗauki kofin, ta ci gaba da ɗauka har sau 5 a jere.

Yaya ya fara aikin koci?

Ya daina bugawa a 1959, ya ɗan riƙe muƙami a shugabancin Rapid, sannan a 1962 ya karɓi ADO Den Haag ta Holan, ƙungiyar da ke ƙasan teburi. Ya mayar da ita mai fafatawa da manya. Sau 3 yana kai ta wasan ƙarshe na kofin ƙalubale ana doke su, sai a na huɗu, a 1968, suka ci Ajax ta Rinus Michels da Johan Cruyff da ci 2 da 1. Wannan kofi ne ya sa manyan Holan suka san akwai wani a Den Haag.

Me ya sa nasarar Feyenoord ta 1970 ke da muhimmanci haka?

Domin ita ce ta buɗe wa Holan ƙofa. Kafin nan babu ƙungiyar Holan da ta taɓa cin Kofin Zakarun Turai. Ajax ta kai wasan ƙarshe a 1969, AC Milan ta casa ta 4 da 1. Happel ya karɓi Feyenoord ta birnin Rotterdam a shekarar, kuma tun a zagaye na biyu ƙuri'a ta haɗa shi da Milan ɗin nan. An ci su ɗaya mai ban haushi a Italiya, suka rama 2 da nema a Rotterdam, suka yi waje da mai riƙe da kofi.

Wasan ƙarshe da Celtic ta Sukotilan aka yi shi, ranar 6 ga Mayu 1970 a filin San Siro. Kowa ya ba Celtic, domin ta ci kofin a 1967, kocinta Jock Stein ne, ga shi ta fitar da Leeds United a zagayen baya. Tommy Gemmell ya fara ci wa Celtic, kyaftin Rinus Israël ya farke da ka ba da jimawa ba, daga nan wasa ya koma hannun Feyenoord. Sirrin yana tsakiyar fili. Happel ya ajiye mutum uku kamar duwatsun murhu: Wim van Hanegem mai raba ƙwallo da ƙafar hagu, Wim Jansen mai ƙwatowa da toshe kafa, da ɗan ƙasarsa Franz Hasil. Celtic mai mutum biyu a tsakiya ta wuni tana bin ƙwallo. An kuma hana Jimmy Johnstone sakat a gefe. Abin mamaki ma shi ne yadda wasan ya kai ƙarin lokaci, inda Ove Kindvall ɗan Suwidin ya ci ta biyu saura minti 3 a tashi.

A shekarar suka ƙara da kofin da ake bugawa tsakanin zakarun Turai da na Kudancin Amurka, bayan sun yi 2 da 2 da Estudiantes a Ajantina, sun ci 1 da nema a gida. Wanda ya ci ƙwallon, Joop van Daele, da tabarau yake wasa, 'yan Estudiantes suka fizge shi suka karya. A 1971 Feyenoord ta ci lig ɗin Holan, a kakar da Ajax ta fara ɗaukar nata kofin Turai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarfin ƙungiyar da ya gina.

To shi ne ya ƙirƙiro salon wasan Holan, ko Michels?

Nan ne ake musu, kuma gaskiya ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Salon da ya yi suna a Kofin Duniya na 1974, inda kowa ke kai hari kowa ke tsaro, 'yan wasa na musayar gurbi, na Michels ne da Cruyff da Ajax. Babu mai ƙwace musu wannan. Sai dai tsarin 4-3-3 da aka gina salon a kansa, Happel ya riga su cin kofin Turai da shi, lokacin Ajax na kan 4-2-4. Masu tarihin ƙwallo da dama na cewa karawa da Feyenoord ce ta sa Michels ya gane mutum biyu ba sa riƙe tsakiya.

Abubuwa uku ake gane ƙungiyar Happel da su ko'ina ya je. Na farko, matsa wa abokin karawa tun a gidansa, ba a jira sai ya kawo ƙwallo. Na biyu, tarkon satar gida, 'yan baya su tura gaba a tare fili ya tsuke. Na uku, tsaron yanki maimakon kowa ya kama mutum ɗaya ya bi shi duk inda ya je, abin da Jamusawa suka saba da shi kafin zuwansa Hamburg. Wanda ke kallon ƙwallon yau zai ce ai kowa haka yake yi. To, a lokacin ba kowa ba ne.

Bambancinsa da Michels, a ganina, shi ne Michels mai tsara tsari ne ya sa mutane a ciki, Happel kuwa mai kallon wasa ne ya ga inda yake ciwo. Yana iya sauya mutum ɗaya daga gurbi zuwa gurbi wasa ya juya. Irin wannan ilimi ba ya rubutuwa a littafi cikin sauƙi, shi kuma bai damu ya yi wa kowa bayani ba. Ina jin wannan na cikin dalilan da suka sa sunansa ya dusashe.

Me ya yi a Sifaniya?

Ba wani abin kirki ba. Bayan ya bar Feyenoord a 1973 ya je Sevilla, tana rukuni na biyu a lokacin, zaman bai yi daɗi ba, bai daɗe ba ya tafi.

A Club Brugge fa?

In aka tambaye ni aikin da ya fi nuna gwanintarsa, wannan zan nuna, ko da yake bai kawo kofin Turai ba. Ya karɓi ƙungiyar a 1974, ya ci lig ɗin Beljiyam sau 3 a jere, 1976 da 1977 da 1978, da kofin ƙalubale a 1977. A Turai kuwa ya kai ta wasan ƙarshe sau biyu, duka biyun Liverpool ta Bob Paisley ce ta tare masa hanya.

A 1976, a Kofin UEFA, Brugge ta fitar da Roma da AC Milan da Hamburg. A Anfield ta zura biyu tun farkon wasa, Liverpool ta dawo daga hutu ta zura uku cikin 'yan mintuna, aka yi kunnen doki 1 da 1 a Beljiyam, kofi ya tafi Ingila. A 1978 kuma, a Kofin Zakarun Turai, ta fitar da Atlético Madrid da Juventus, ta isa Wembley ba tare da babban ɗan gabanta Raoul Lambert ba saboda rauni. Kenny Dalglish ya ci ƙwallo ɗaya tilo. Har yau babu wata ƙungiyar Beljiyam da ta sake kai wa wasan ƙarshe na wannan kofi.

Yaya aka yi Holan ta rasa Kofin Duniya na 1978 a hannunsa?

Yana riƙe da Brugge aka ba shi tawagar Holan. Ya tafi Ajantina babu Cruyff, wanda ya ƙi zuwa, babu kuma Van Hanegem. Zagayen farko da ƙyar suka tsallake: sun ci Iran, sun yi canjaras da Peru, Sukotilan ta doke su 3 da 2. A zagaye na biyu ƙungiyar ta farka. Wasan farko da ƙasarsa ta haihuwa ne, ya lallasa Ostiriya 5 da 1. Suka yi 2 da 2 da Jamus ta Yamma, suka ci Italiya 2 da 1 da wata ƙwallo da Arie Haan ya narka daga nesa.

Wasan ƙarshe ranar 25 ga Yuni ne a Buenos Aires, da masu masaukin baƙi, a ƙasar da sojoji ke mulki ƙarƙashin Janar Videla. Tun kafin a take leda aka fara ja-in-ja, 'yan Ajantina suka makara fitowa, sannan suka yi ƙorafi kan ɗaurin da ke hannun René van de Kerkhof, wanda ya buga wasannin baya da shi. Mario Kempes ya fara ci. Happel ya sako dogon ɗan gaba Dick Nanninga, shi ya farke da ka saura minti 8. A minti na ƙarshe Rob Rensenbrink ya samu ƙwallo a gefen hagu ya tura, ta bugi turke ta dawo. A ƙarin lokaci Kempes da Daniel Bertoni suka ƙara, aka tashi 3 da 1.

Ke nan cikin ƙasa da mako 7 ya jagoranci wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da na Kofin Duniya, ya rasa duka biyun. Da ƙwallon Rensenbrink ta shiga, da babu wanda zai buƙaci a gabatar masa da Happel a yau.

Me ya yi a Hamburg da har yau ake ambatonsa a can?

Kafin Hamburg ya ɗan taɓa Harelbeke, ya yi shekara biyu a Standard Liège, inda ya ci kofin ƙalubalen Beljiyam a 1981. A shekarar ne Günter Netzer, manajan Hamburg, ya ɗauko shi. Ya tarar da ƙungiya mai ƙarfi, wadda ta kai wasan ƙarshen Turai a 1980 Nottingham Forest ta doke ta. Akwai Manfred Kaltz mai lanƙwasa ƙwallo daga dama, Horst Hrubesch mai cin ta da ka, Felix Magath a tsakiya, Uli Stein a raga, har Franz Beckenbauer ya yi kakarsa ta ƙarshe a Bundesliga a ƙarƙashinsa.

Suka ci Bundesliga a 1982 da 1983. Daga Janairun 1982 zuwa Janairun 1983 sun buga wasa 36 a lig ba a doke su ba, tarihin da ya tsaya shekara 30 kafin Bayern Munich ta karya shi a 2013. A cikin wasannin akwai wanda Bayern ke gaba 3 da 1 a gidanta, Hamburg ta juya shi 4 da 3. Akwai dai tuntuɓe: a 1982 IFK Göteborg ta Sven-Göran Eriksson ta doke su gida da waje a wasan ƙarshe na Kofin UEFA.

Babbar ranar ita ce 25 ga Mayu 1983 a Atina, babban birnin Girka. Juventus ta Giovanni Trapattoni ta zo da 'yan wasa 6 da suka ci wa Italiya Kofin Duniya a 1982, Zoff da Gentile da Cabrini da Scirea da Tardelli da Paolo Rossi, ga Michel Platini, ga Zbigniew Boniek. Magoya bayan Juventus ne suka cika filin. Happel ya sa matashi Wolfgang Rolff ya manne wa Platini, ya kuma sa Lars Bastrup ya riƙa barin gurbinsa yana jan Gentile zuwa wani gefe. Kafin a cika minti 10 Magath ya samu sarari ta hagu, ya ɗaga ƙwallo daga wajen da'ira ta wuce Zoff. Ita ce kaɗai aka ci a wasan. Abin lura a nan: mutumin da aka sani da tsaron yanki, da ya ga wasa na buƙatar a kama mutum ɗaya, bai yi taurin kai ba.

Ya yi sallama da Hamburg a 1987 da kofin ƙalubalen Jamus, bayan sun ci Stuttgarter Kickers 3 da 1. Tun daga ranar ƙungiyar ba ta sake ɗaukar babban kofi ba. A 2018 ma ta faɗa rukuni na biyu karo na farko a tarihinta, sai a 2025 ta dawo.

Wane irin mutum ne a mu'amala?

Mai ƙarancin magana ne, fuska a murtuke, amsa a gajarce. Taron manema labarai a wurinsa wahala ce, wani lokaci jimla ɗaya ko biyu zai yi ya tashi. Hausawa na cewa shiru-shiru ba tsoro ba ne, gudun magana ne, kuma 'yan wasansa sun shaida cewa in ya buɗe baki, abin da ya faɗa shi ke faruwa a fili. Ana ba da labarin ya taɓa gaya wa ɗan wasa Hansi Müller, wanda ya nemi su zauna su tattauna, cewa in surutu yake so ya je ya kama tallan kaya, shi 'yan ƙwallo yake nema. Akwai kuma labarin kwalbar lemo da ya ɗora a saman raga ya harbo ta daga nesa a bugu ɗaya, don sababbin 'yan wasa su san wanda suke hulɗa da shi. An ba da labarin a Holan, an ba da shi a Jamus.

Horonsa da ƙwallo ake yi, mai tsanani, kuma ba ya yafe makara ko lalaci. Duk da haka 'yan wasa sun so shi, domin ba ya bin su gida, ba ya kuma tozarta su a jarida. Van Hanegem da Hrubesch da Magath duk sun riƙa sa shi a gaban duk kocin da suka yi aiki da shi.

Akwai ɓangaren da ba abin koyi ba ne, kuma ɓoye shi ba adalci ba ne. Yana zuwa gidan caca, yana shan barasa, taba kuwa ba ta barin hannunsa ko a benci. Sankarar huhu ce ta kashe shi, saura mako biyu ya cika shekara 67.

Ya koma gida kafin mutuwarsa?

Ya koma. A 1987 ya karɓi Swarovski Tirol ta Innsbruck, ya ci mata lig a 1989 da 1990, da kofin ƙalubale a 1989, a ƙasar da ƙungiyoyin Biyana suka saba mamayewa. A nan kuma ya sha kashi mafi muni a Turai, lokacin da Real Madrid ta yi musu 9 da 1 a 1990.

A farkon 1992 aka ba shi tawagar ƙasa, wadda ba ta gama farfaɗowa daga kunyar da ta sha a hannun Tsibiran Faro a 1990 ba. Ciwo ya riga ya ci jikinsa, ya rame, amma bai bar aiki ba. Wasansa na ƙarshe shi ne wanda Ostiriya ta ci Isra'ila 5 da 2 a Biyana a watan Oktoba, a neman gurbin Kofin Duniya. Kwana 4 bayan mutuwarsa Ostiriya ta buga da Jamus a Nuremberg, aka ajiye hularsa a benci har aka tashi babu ci. Daga baya aka sauya wa babban filin wasan ƙasar, wanda ake kira Prater, suna zuwa filin Ernst Happel.

Akwai abin da ya haɗa tarihinsa da Najeriya?

Bai taɓa horar da ƙungiya a Afirka ba, amma akwai wurare biyu da hanya ta ratsa. A filin da ke ɗauke da sunansa ne Ajax ta doke AC Milan 1 da nema ranar 24 ga Mayu 1995, inda Finidi George da Nwankwo Kanu suka zama 'yan Najeriya na farko da suka ci Kofin Zakarun Turai. A filin ne kuma, tun yana Prater, Rabah Madjer na Aljeriya ya ci wa Porto ƙwallon dunduniyar nan a ragar Bayern a 1987.

Na biyu, Club Brugge da Happel ya fito da sunanta a Turai ita ce ta ɗauki Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna. Amokachi ne ya ci ƙwallon farko a wasannin rukuni na sabuwar Gasar Zakarun Turai, a ragar CSKA Moscow, a watan Nuwamban 1992, watan da Happel ya mutu.

Su wa suka kamo tarihinsa, su wa kuma suka gaje shi?

Cin kofin Turai da ƙungiyoyi biyu, sai a 2001 Ottmar Hitzfeld ya maimaita, da Dortmund da Bayern. Bayansa aka samu Mourinho da Jupp Heynckes da Ancelotti da Guardiola da Luis Enrique. In ka duba jerin za ka ga kowannensu ya ci aƙalla ɗaya da Bayern ko Real Madrid ko Barcelona ko Inter ko Milan. Happel da Feyenoord da Hamburg ya ci nasa, ya kuma kai Brugge wasan ƙarshe, ƙungiyoyi uku daga ƙasashe uku, kuma babu ɗaya cikinsu da ta sake taka wannan mataki bayan tafiyarsa. Gaskiya ne cewa a zamaninsa tazarar kuɗi tsakanin ƙungiyoyi ba ta kai ta yau ba, kuma wasannin gasar ba su da yawa. Amma kowane koci na zamanin ya samu wannan dama, shi ne ya yi abin da ya yi da ita.

Cikin 'yan wasansa da suka zama kociyoyi, Magath ya ci Bundesliga da Bayern a 2005 da 2006, da Wolfsburg a 2009. Van Hanegem ya ci lig da Feyenoord a 1993. Wim Jansen ya je Celtic ɗin da suka doke a 1970 ya ci mata lig a 1998, ya hana Rangers cin na goma a jere. Hrubesch ya ci kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 21 da Jamus a 2009, da yara irin su Neuer da Özil da Khedira. Daga Ostiriya kuwa, wanda ya fi kusantar sawunsa a yanzu shi ne Oliver Glasner, wanda ya ci Kofin Europa da Eintracht Frankfurt a 2022, ya kuma ci wa Crystal Palace Kofin FA a 2025, babban kofi na farko a tarihin ƙungiyar, bayan ta doke Manchester City 1 da nema a Wembley.